Tukunyar Kufai, Ta Wane Ce?

Hausawa suna da karin magana biyu waɗanda in ka jera su sai ka ga kamar faɗa su ke yi da juna. Na ɗaya ya ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na biyu kuwa ya ce, waiwaye adon tafiya. Na daɗe ina jin su a bakin dattawa ban taɓa tsayawa na auna su ba, sai ran da wata tsohuwar tukunya ta shigo ofishinmu, ta raba kan mutanen kirki gida uku. Labarinta na ke so in ba ka, ya kai mai karatu, sa'an nan mu duba tare mu ga inda gaskiya ta ke. Tambayar ita ce: kayan da magabata suka bari a ƙarƙashin ƙasa na wane ne, kuma mene ne ya wajaba ga wanda Allah ya sa ya tono su?

YADDA MAGANAR TA TASO

Ni magatakarda ne a ofishin hakimi, a ƙasar Gwiwa, cikin masarautar Kazaure. Wata rana da rani muna zaune a zaure, sai ga wani dagaci ya shigo da talakansa, ɗauke da buhu a ka. Suka faɗi suka yi gaisuwa. Dagacin ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah ne ya yi tsintuwa. Na ga abin ya fi ƙarfina, shi ya sa na kawo shi gabanka."

Ashe mutumin yana haƙar ƙasa ne a gefen wani kufai da ke cikin gonarsa, zai yi tubali ya ta da katangar gidansa da damina ta kayar. Rami ya kai masa ƙirji, sai diga ta bugi wata babbar tukunya a kife. Da ya ɗaga ta sai ya tarad da duwatsun wuya, da mundaye biyu na tagulla waɗanda suka yi tsanwa don daɗewa, da gululun kaɗi, da 'yan ɗiyan wuri. Gefe guda kuma ga ƙasusuwan mutum. Ya tsorata, ya mai da ƙasa bisa ƙasusuwan, ya kwaso kayan ya kai gida.

Kafin kwana uku labari ya bazu, har wani dillali ya zo masa daga birni, ya taya kayan a kan kuɗin buhun gero huɗu. Mutumin nan kuwa yana da 'ya da za a kai ɗaki bayan Salla, ga rumbu ya yi ƙasa.

Hakimi ya nemi shawara. Liman ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kabari aka buɗe. A mai da kome inda aka same shi, a rufe, a nemi gafara. Kayan jahiliyya ba su da wani amfani gare mu." Mai tsintuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, a gonata na samu, da gumina na tono. In Allah ya nufa ya ciyad da ni ta nan, don me za a hana ni?" Wani malamin makaranta da ke wurin ya ce kayan nan na ƙasa ne baki ɗaya, a kai su gidan ajiye kayan tarihi. Hakimi ya dube ni ya ce, "Malam, kai ke da alƙalami. Sa kayan nan a ma'aji, ka bincika mana, ka kawo mini bayani."

Na amsa, amma raina bai kwanta ba, gama na ga kowane ɗaya cikin mutum ukun nan yana da hujja, kuma ba azzalumi a cikinsu.

ABIN DA NA GANI A KATSINA

Har ran nan ban taɓa shiga gidan kayan tarihi ba. Na ce ba ya kyautu in yi magana a kan abin da ban gani ba, saboda haka na tafi Katsina. Gidan ba wani babba ba ne. Tsohon ginin Kwalejin Katsina ne wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A nan na sami labarin Durɓi ta Kusheyi.

A ƙasar Mani, kamar mil 20 gabas da birnin Katsina, watau yamma da mu ba nisa, akwai waɗansu manyan tuddai. Mutanen wurin sun gada daga kakanninsu cewa kusheyin sarakunan Durɓawa ne, waɗanda suka riƙe ƙasar kafin zamanin Muhammadu Korau. A 1907 wani Baturen mulki, Palmer, ya tona waɗansu daga cikinsu da yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya sami tukwane da kayan ƙarfe, amma kayan nan sun ɓace, kuma ba a bar cikakken bayaninsu ba. A 1959 gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi da doka ta tsare. A 1992 waɗansu masana daga Jamus suka tona guda 3, suka tarar kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa, da kayansa. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus, aka wanke su, aka gyara, aka auna shekarunsu. A 2014 aka komo da su Nijeriya.

To, me aka samu? An sami tasar tagulla aikin maƙeran ƙasashen Larabawa na gabas, da 'yan kunne na zinariya, da abin hannu na hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri. Awo ya nuna an binne mutanen nan shekara 500 zuwa 700 da suka wuce. Wuri kuwa ba ya fitowa a kogunan ƙasar Hausa. Daga tsibiran Maldif ya ke, cikin tekun Indiya. Watau tun wancan zamani fataucin ƙasarmu ya ratsa Sahara, ya haɗu da na Masar da abin da ke bayanta. Sau nawa muka ji ana cewa kakanninmu cikin duhu su ke, ba su san duniya ba sai da Turawa suka zo? Tasa ɗaya ta isa ta ƙaryata wannan magana. Gani ya kori ji.

Sai dai ka lura da bambancin tono biyun nan. Wuri ɗaya aka tona, amma na 1907 ya tafi a banza don ba a ajiye ba, ba a rubuta ba. Na 1992 shi ne ya bar mana ilmi. Ashe amfanin yana wajen rubutawa da adanawa.

DARASI DAGA KUFAN RUMAWA

Gidan da aka gyara kayan nan a Mainz, asalinsa an kafa shi ne a 1852 don kayan Rumawa da na tsofaffin Jamusawa, gama garin kansa sansanin sojan Rum ne shekara 2000 da suka wuce. Wannan ya sa na nemi labarin yadda Turawa su ke yi da nasu kufan.

Rumawa sun yi mulki mai faɗi ƙwarai. Daga birnin Rum na ƙasar Italiya sun mallaki Sham, da Masar, da arewacin Afirka, har sun ajiye soja a Gadamus, garin nan da fatakensa suka riƙa zuwa Kano a zamanin ayari. Sun ci Ingila a shekara ta 43 bayan haihuwar Annabi Isa, suka bar ta wajen shekara ta 410. A arewacin Ingila, kusa da wata ganuwa da sarkinsu Hadiriyan ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122, akwai kufan wani barikin soja da a ke kira Bindolanda. An gina ɗan ƙaramin gidan tarihi a gefensa. A 1973 masu tono suka fara samun waɗansu 'yan alluna na katako, sirara kamar ganye, an yi rubutu a kansu da tawada. A ɗaya, matar wani shugaban soja ce ta ke gayyatar ƙawarta biki. A wani, ana gaya wa wani soja an aiko masa da safa da takalma saboda sanyi. Sun kuma tono takalman fata dubbai, har da na jarirai.

Abu biyu na lura da su a nan. Na farko, Rumawan nan baƙi ne da suka ci ƙasar da yaƙi, kuma masu bautar gumaka ne a lokacin. Duk da haka mutanen Ingila ba su ce tun da ba addininmu ɗaya ba a zubar ba. Sun ajiye, don yaro ya zo ya ga takalmin yaro ɗan'uwansa da ya mutu shekara 1900 da suka wuce, ya kuma ga daular da ta fi kowace ƙarfi a zamaninta ta zama kufai. Na biyu, abubuwan da suka fi ba da labari shara ce da masu ita suka zubar. Da dillali aka kai wa, ba zai taya ko anini ba.

TSINGARO MA YANA DA BAKI

Ga yadda masana su ke karanta ƙasa. Juji kamar buhunan da aka jera a sito ne, na ƙasa shi aka fara ajiyewa, na bisa shi ne na baya. In sun sami lofe a wani zurfi, sun san mutanen wannan zurfin ba su riga shekara ta 1600 da yawa ba, domin taba daga Amurka ta fito, kuma sai wajen lokacin nan ta iso ƙasashenmu. In sun sami gawayi ko ƙashi, suna da awon da zai faɗi kimanin shekarunsa. In sun sami kashin tama, sun san an yi maƙera a wurin. Amma duk wannan sai in an san inda kowane abu ya ke kwance, da abin da ke kusa da shi. Wanda ya zare munduwa daga rami ya sayar, kamar wanda ya yage warƙa ɗaya daga tsakiyar littafi ne. Littafin ya yi giɓi, warƙar kuwa ba mai sanin daga ina ta fito.

Mun ga wannan a ƙasarmu. A 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza a ƙasar Jama'a ya sami kan mutum na yumɓu, ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi. Da abin ya kai hannun Bernard Fagg, sai ya gane irin wanda aka samu a Nok ne tun 1928. Daga nan aka gano wata al'umma da ta zauna a tsakiyar Nijeriya fiye da shekara 2000 da suka wuce, kuma a 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos. Amma a shekarun 1990 dillalai suka sa talakawa suka riƙa tona ƙasar Nok da ta Kwatarkwashi dare da rana. Kaya suka ƙetare teku, aka sayar da tsada a Turai. Masu tono suka sami ɗan abin cefane, gonaki suka cika da ramuka, labarin mutanen da suka ƙera kayan kuwa ya salwanta har abada. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

HUJJAR LIMAN

Maganar liman kashi biyu ce: ta kabari, da ta kayan jahiliyya.

A kan kabari, liman ya yi gaskiya. Malamanmu sun koya mana cewa mamaci yana da alfarma kamar mai rai, ba a wulakanta ƙashinsa. Ba zan ɓoye maka ba, ko a Katsina da na ke mamakin kayan Durɓi, zuciyata tana ce mini, ai masu kayan nan ba su binne su don in zo in yi kallo ba. Saboda haka ban yarda a buɗe kabari don son gani ko son dukiya ba. In lalura ta ilmi ta sa, to, sai da iznin hukuma da yardar mutanen wurin, a yi da ladabi, in an gama awo a mai da ƙasusuwa ƙasa. Gidajen tarihi da yawa na Turai sun daɗe suna ajiye ƙasusuwan mutane, amma su kansu sun soma jin kunyar abin. A 2011 Jamus ta mai da ƙoƙunan kai guda 20 ga mutanen Namibiya.

Amma manomin nan bai nufi buɗe kabari ba, diga ce ta faɗa. Kuma da an bi shawarar liman an mai da kayan, me zai faru? Duk ƙasar ta riga ta ji akwai tagulla a ramin, dillali ma ya san hanya. Ba za a yi mako guda ba wani zai zo da dare ya tona, shi kuwa ba zai tsaya rufe ƙasusuwa ba. Ashe mai da kayan shi ne zai jawo wa mamacin wulakancin da liman ke gudu.

A kan kayan jahiliyya kuwa, sai mu rarrabe tsakanin bauta da lura. Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitad da mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi ƙarshen waɗanda suka riga mu. Yaya za mu duba in mun farfasa duk abin da suka bari? Musulmin farko da suka buɗe Masar sun tarad da dalolin Fir'auna, ga su nan tsaye har yau. Balle gululu da munduwa, waɗanda ba gumaka ba ne. Wata mace ce ta yi kaɗi kamar yadda iyayenmu suka yi, ta yi ado, ajalinta ya zo. Wanda ya dubi gululunta ya tuna mutuwa, ai wa'azi ya ji.

HAƘƘIN MAI TSINTUWA

Kada kuwa a ce manomin nan kwaɗayi ya yi. Liman da kansa ya tabbatar mini cewa a fiƙihu, dukiyar jahiliyya da aka samu a binne, wadda a ke kira rikazi, humusi a ke fitarwa, watau ɗaya bisa biyar, saura na wanda ya samu a ƙasarsa. Ashe yana da madogara.

Amma munduwan nan darajarsu iri biyu ce. Akwai nauyin ƙarfensu, wanda a ke iya ɗorawa a ma'auni a biya. Akwai kuma labarin da su ke ɗauke da shi, na waɗanda suka zauna ƙasar nan kafin mu. Ƙarfen yana iya zama na mutum ɗaya. Labarin kuwa gado ne na jama'a, har da waɗanda ba a haifa ba. Misalinsa kamar burtali ne da ya bi ta gefen gonarka. Kai ne ka fi kowa kusa da shi, amma ba ka da ikon ka shinge shi ko ka sayar, domin dabbobin kowa ta nan su ke bi. Saboda haka ne gwamnati ta yi doka tun 1953, ta sabunta ta a 1979 sa'ad da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Dokar ta hana saye da sayar da irin kayan nan sai ta hannun wanda hukuma ta yarje wa, ta hana fita da su waje ba da izni ba, ta kuma ce wanda ya tono su ya sanad da hukuma.

Sai dai fa in jama'a ta ce abu nata ne, ta karɓa daga hannun talaka, to, bashi ya hau kanta. Ba adalci ba ne mai buhun gero ɗari ya ce wa wanda rumbunsa ya yi ƙasa, yi haƙuri don tarihi, sa'an nan ya sallame shi da godiya. In aka yi haka sau ɗaya, wanda ya yi tsintuwa gobe ba zai zo wurin dagaci ba, dillali zai nema. Tsare amana wajibi ne a kan mai tsintuwa. Rage masa hasara kuma wajibi ne a kan sauran jama'a, tun daga masu mulki.

YADDA AKA ƘARE

Na kai wa hakimi wannan bayani, ya saurara har ƙarshe. Ya sa liman da dattawan ƙauyen suka je suka gyara kabarin, suka rufe shi sosai, aka hana ɗibar ƙasa a wurin. Ni kuma na shigar da kayan cikin littafi ɗaya ɗaya, da ranar da aka same su, da wurin, da zurfin ramin. Muka rubuta wa ƙaramar hukuma da ma'aikatan kayan tarihi, aka danƙa musu kayan, suka sa hannu. Hakimi ya ba manomin buhun gero biyu daga rumbunsa, dagaci da malamin makaranta suka haɗa masa 'yan kuɗi. Duka bai kai abin da dillali ya taya ba.

Da zai tafi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda, na kuwa gode. Amma dai na yi hasara." Hakimi ya ce, "Ka yi, Allah ya mayar maka da alheri." An kai 'yarsa ɗaki bayan Salla, da kayan da ba su kai yadda ya so ba. Har yanzu in na tuna shi sai in ga cikinmu duka shi kaɗai ne ya biya kuɗin wannan amana daga jikinsa, mu sauran baki muka sa.

To, kai mai karatu, da Allah ya fid da kai daga duhun jahilci har ka ke karanta wannan da kanka, wata rana garmarka ko digarka tana iya bugun irin wannan tukunya. In haka ta faru, ka dakata da tono. In akwai ƙasusuwa ka suturta su. Ka ɗauki alƙalaminka ka rubuta rana, da wuri, da zurfi, da abin da ke kusa da wane. Sa'an nan ka gaya wa dagaci, kada ka saurari mai zuwa da dare. In kuwa maƙwabcinka ne ya yi tsintuwar ya kawo, ka zama cikin masu sa hannu a aljihu.

Masarautarmu ta Kazaure Ɗantunku ne ya kafa ta wajen 1819, amma kufan da ke bayan garuruwanmu suna shaida cewa an haƙa rijiyoyi, an yi kaɗi, an aurad da 'ya'ya a ƙasar nan tun kafin wannan. Mu ma gidajenmu za su zama kufai, wani zai zo ya yi noma a inda mu ke kwana. Yadda mu ke so ya yi da ƙasusuwanmu da 'yan komatsanmu, haka ya kamata mu yi da na waɗanda suka riga mu. Allah ya sa mu cika amana, ya kyautata ƙarshenmu. Amin.